Zumunci a ƙafa yake, har ga masu aiki ta WhatsApp



Yau da yawa daga cikinmu aikinsu cikin waya yake. Ƙungiya guda ce, amma shugaba na Yamai, ma'aji na Maraɗi, mai rubuta rahoto na Damagaram, mai ɗaukar hoto na Tawa, wani ma yana can karatu a Kano ko Dakar. Akwai masu tattara bayanai wa ƙungiyoyin agaji, akwai masu fassara, masu zanen talla, masu rubuta manhaja, da ƴan jaridar da ke aiko labari daga jihohi. Duk a gurup ɗin WhatsApp ake haɗuwa, in magana ta yi girma a kira taro ta Zoom ko Google Meet. Sai ka tarar mutane sun shekara biyu suna aiki tare, kullum suna musayar vokal, amma ko hannu ba su taɓa yi da juna ba.

Ga ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ku da nisa. Duk ƙungiya ko kamfanin da mutanensa ke warwatse ya kamata ya ware kuɗi da kwanaki don a haɗu ido da ido, aƙalla sau ɗaya a shekara, sau biyu in da hali. Kuma a sa kuɗin cikin kasafi tun farkon shekara, layi ɗaya da kuɗin forfe da na gyaran kwamfuta. In aka bar shi sai “in wani abu ya rage”, mun san babu abin da ke ragewa.

Kada wani ya ɗauka sukar aiki daga nesa nake. Ƙasarmu tana da faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 650, zuwa Damagaram kusan 900, zuwa Diffa ya haura 1,300. Wanda ya taɓa shiga kar da asuba a Yamai ya sauka Damagaram cikin dare, jikinsa ya gaya masa ma'anar waɗannan alƙaluma. A da, matashin da ke neman aikin biro dole ya tattara ya koma babban birni, ya biya hayar ɗaki mai tsada, ya bar tsofaffinsa a gida. Yau yarinya a Tasawa ko Mirriya, in tana da kwamfuta da rezo mai ɗan ƙarfi, tana iya yin aikin da ake biya da kyau ba tare da ta bar gidansu ba. Wannan ci gaba ne, kuma ba wanda ke son a koma baya.

Bincike ma ya nuna aiki daga gida yana tafiya. A shekarun 2010 da 2011, wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Stanford ta Amurka, Nicholas Bloom, shi da abokan aikinsa sun yi gwaji a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin. An ɗauki ma'aikatan amsa waya kimanin 250, aka raba su biyu, rabi suka koma aiki daga gida tsawon wata tara, rabi suka ci gaba da zuwa biro. Na gida suka fi na biro yawan aiki da kashi 13 cikin 100, kuma masu ajiye aiki cikinsu sun ragu sosai. Amma ga sauran labarin da masu yaɗa wannan bincike kan manta. Da gwajin ya ƙare aka ce kowa ya zaɓa, kusan rabin waɗanda ke gida suka ce su dai a mayar da su biro, kuma babban dalilinsu kaɗaici. Alhali ko lokacin gwajin suna zuwa biro yini ɗaya a kowane mako. To ina ga wanda ya shekara biyu bai ga fuskar abokin aikinsa ba?

Mu duba abin da ke ɓacewa tsakanin waya da waya.

Na farko gaisuwa. Mu ba mu fara magana da buƙata. In ka je wurin wanda ya girme ka, sai ka ce “Yaya, ina kwana, ya gida, ya yara, ya jikin Hajiya?” Sai an gama wannan kake kawo abin da ya kawo ka, kuma kafin nan ka riga ka karanci yanayinsa, ka san ko yau ranar kawo maganar ce ko a bari sai gobe. Cikin gurup kuwa abin da ke fitowa shi ne: “A turo rahoton kafin ƙarfe huɗu.” Wanda ya rubuta yana bisa kabu-kabu, cajinsa saura kashi uku, bai nufi komai ba. Wanda ya karanta a Tawa ya girme shi da shekara goma, abin da ya gani raini ne. Haka nan alamar nan mai shuɗi da ke nuna an karanta saƙo. Mutum ya karanta bai amsa ba, ƙila yana wurin jana'iza, ƙila rezo ne ya ɗauke, ƙila yana tunanin amsar da ta dace. In ka san shi, kun ci abinci kwano ɗaya, ka san yadda yake dariya da yadda yake shiru, kai da kanka za ka nema masa uzuri. In ba ka san shi ba, zato ne zai cike gurbin, kuma zato ba ya cika zama mai kyau. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, a gurup kuwa hoton da mutum ya ɗauka ranar salla kaɗai ake gani.

Na biyu, akwai maganar da ba a rubutawa. Gurup mai mutum 40, duk abin da ka rubuta yana nan zaune, ana iya ɗaukar hotonsa a tura wa wanda ba ka taɓa zato ba. Wane ƙaramin ma'aikaci ne zai rubuta wa shugaba a gaban kowa cewa “Malam, wannan tsarin ba zai yi ba a ƙauyukanmu”? Kunya ba za ta bar shi ba, tsoro ma haka. Sai ya danna ɗan yatsan nan na amincewa ya yi shiru, a je a yi wata uku ana aiki kan tsarin da shi ya san tun ranar farko ba zai kai ko'ina ba. A taron Zoom ma haka take: kowa ya kashe kamara don kada forfe ya ƙare, mutum uku da suka fi sakin baki da Faransanci su riƙe magana, sauran su saurara, a ƙarshe a ce “akwai mai tambaya?” a ji tsit. Duk wanda ya saba zaman taro ya san ainihin magana sau da yawa bayan an tashi take fitowa, a bakin ƙofa, ko wajen wanke hannu, ko a hanyar tasha, inda ƙarami zai matso kusa da babba ya ce “Yaya, akwai wani abu da ban so in faɗa a gaban mutane ba.” Taron Zoom ba ya da bakin ƙofa. Ana danna jan maɓalli kowa ya koma shi kaɗai cikin ɗakinsa.

Na uku, kowa yana maƙalewa ga waɗanda ya riga ya sani. Masu bincike sun bi sawun ma'aikatan kamfanin Microsoft sama da 61,000 a Amurka cikin watannin farko na 2020, lokacin da annobar korona ta kora kowa gida, aka buga sakamakon a mujallar Nature Human Behaviour a 2021. Abin da suka gano shi ne mutane sun ci gaba da hulɗa da ƴan sashensu, amma lokacin da suke ba mutanen wasu sassa ya ragu da kimanin kashi 25 cikin 100. Kowane sashe ya zama tsibiri. Tun shekarun 1970 wani malami a jami'ar MIT, Thomas Allen, ya auna yadda injiniyoyi ke magana da juna, ya ga cewa yawan tazarar da ke tsakanin teburansu, ƙarancin maganarsu, har in tazarar ta kai wajen mita 50 kusan ba sa tuntuɓar juna. Daga baya ya lura da wani abu da ya fi shafar mu: mutanen da ke ganin juna su ne kuma suka fi kiran juna a waya da aika wa juna saƙo. Ma'ana haɗuwa ce ke ciyar da waya. Ku duba lambobin da kuka fi kira cikin wannan makon, za ku ga akasari na mutanen da kuka taɓa zama da su ne. Mai kula da lissafi a Maraɗi da mai aikin fili a Dakwaro suna gurup ɗaya, amma in ba su taɓa haɗuwa ba, da wuya ɗayansu ya ɗaga waya ya tambayi ɗayan abin da ya shige masa duhu. Sai ya bi ta wurin shugaba, shugaba ya zama gadar da kowa ke bi, ranar da ya kwanta ciwo aiki ya tsaya.

Na huɗu kuɗi, inda ƙungiyoyinmu suka fi karyewa. Ana tura kuɗi ta Nita ko Amana zuwa ga ma'ajin da rabin ƴan ƙungiya ba su taɓa gani ba. Takardar shaidar kashe kuɗi ta yi jinkirin kwana huɗu, sai a fara ƙus-ƙus. Gobe wani ya buɗe ƙaramin gurup ba tare da ma'aji ba, jibi ma'aji ya ji labari shi ma ya buɗe nasa. Kafin wata ya ƙare ƙungiya ta zama gida biyu, kan abin da in da an zauna bisa tabarma ɗaya an baje takardu, minti talatin sun isa. Ban ce haɗuwa tana mayar da maciyin amana mutumin kirki ba, lissafi a rubuce dole ne ko ana haɗuwa kullum. Amma zargin wanda ka san gidansu, ka gaida mahaifiyarsa, ba ya fita daga baki da sauƙi kamar zargin lambar waya. Shi ma wanda ke riƙe da kuɗin, in ya san nan da wata shida zai kalli mutanen nan ido cikin ido ya karanta musu lissafi, riƙonsa daban ne.

Na biyar sabon shiga. Ba wanda ya taɓa koyon ɗinki ko gyaran babur ta vokal. Yaro yana zama kusa da maigidansa, yana kallon hannunsa, yana jin yadda yake magana da mai kaya. Aikin ƙungiya ma yana da irin wannan sashe wanda ba ya cikin kowace takarda: yadda ake shiga wurin mai gari, wa ake fara gaidawa a biron magajin gari, yadda ake tambayar mace labarin gidanta ba tare da an kunyata ta ba, lokacin da ya kamata a rufe littafi a saurara kawai. An tura wa sabon ma'aikaci takarda mai shafi 30 an ce ya karanta, an sa shi gurup an yi masa “barka da zuwa”, shi ke nan an gama horo. Kwana biyu yana bin wanda ya daɗe a aikin zai koya masa abin da shafi 30 ɗin nan ba su ƙunsa ba.

Akwai kuma wata magana da na fi so ƴan jihohi su riƙe. In ƙungiya ta ce ita ba ta shirya haɗuwa, kowa ta waya yake, wannan ba ya nufin ba wanda ke haɗuwa. Waɗanda ke Yamai suna ganin juna ko ba a shirya ba: a wurin suna, a ɗaurin aure, a fada da dare ana shan shayi. A can ake tattauna wa za a tura horo ƙasar waje, wa zai jagoranci sabon aiki, wace jiha za a fara da ita. Abin da ke isowa gurup sanarwa ce, an riga an gama. Ba lallai da mugun nufi ba, mutum wanda yake gani shi ke faɗo masa a rai. A gwajin nan na Ctrip an ga haka ƙarara: waɗanda ke aiki daga gida, duk da sun fi yawan aiki, sun fi ƙarancin samun ƙarin girma in aka kwatanta su da takwarorinsu na biro masu ƙoƙari irin nasu. Saboda haka rashin shirya haɗuwa yana da wanda yake cuta, kuma shi ne ɗan Gure, ɗan Madawa, ƴar Magarya, duk wanda ke nesa da inda ake shan shayin. Haɗuwar da aka tsara, aka biya wa kowa kuɗin mota, ita ce kaɗai hanyar da na nesa zai samu rabonsa na abin da na kusa ke samu kyauta.

Kuma mu tuna rezo ba gadonmu ba ne. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairun 2021, intanet ɗin wayar salula ya yanke a ƙasar nan kimanin kwana goma. A watan Agustan 2023, da Nijeriya ta katse wutar da take ba mu, garuruwa sun sha dogon duhu, cajin waya kansa ya zama aiki. A irin waɗannan kwanaki, ƙungiyar da duk ilminta da alaƙarta ke cikin gurup ta zama kurma. Wadda mutanenta suka san juna, suka san gidajen juna, suka taɓa zama suka amince kan wa zai yanke shawara in ba a samu shugaba ba, ita tana iya ci gaba da ɗan kira da saƙon baki.

Wani zai ce ai manyan kamfanonin duniya suna aiki daga nesa lafiya lau. Gaskiya ne, sai dai mu duba yadda suke yi. Kamfanin Automattic, mai WordPress.com, yana da ma'aikata a ƙasashe da dama, kowa daga inda yake, amma ya yi shekaru yana tara su duka wuri ɗaya na kimanin mako guda a shekara, ban da ƙananan haɗuwar da kowane sashe ke yi. Kamfanin GitLab, wanda ya yi suna da cewa ba ya da biro ko ɗaya, shi ma yana tara mutanensa, a 2018 ma a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka haɗu. Shi kansa kamfanin Zoom, a watan Agustan 2023 ya umarci ma'aikatansa da ke zaune kusa da biro, tazarar da ba ta wuce kilomita 80 ba, su riƙa zuwa kwana biyu a mako. Mutanen nan wutarsu ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsu ba ya yankewa, kuma ƴan kasuwa ne masu lissafin kowane kwabo. Kuɗin da suka huta biya na hayar biro, wani kaso nasa suke zubawa a tikitin jirgi don mutanensu su ga juna, saboda sun lissafa sun ga rashin haɗuwar ya fi tsada.

Yanzu ga ƙorafe-ƙorafen da na san za su zo, kuma suna da nauyi.

Ƙorafi na farko: ba kuɗi. Gaskiya ne tara mutum goma sha biyu daga jihohi huɗu ba wasa ba ne. Amma tsadar da ke tsorata mu, yawancinta daga irin taron da muka saba gani take: babban otel a Yamai, ɗaki mai sanyi, banda mai tambari, jaka da biro ga kowa, hutun shan kofi sau biyu. Ba wannan nake nufi ba. Ɗakin aji da aka ara lokacin hutu ya isa, ko farfajiyar gidan wani ɗan ƙungiya. Baƙi su sauka gidajen ƴan garin, tukunya ɗaya a dafa. Abin da ya rage kuɗin mota ne da na cefane. A ce ku goma sha biyu ne, kowa ya ajiye jikka ɗaya a wata kamar adashe, a shekara kun tara sefa dubu 144. In ƙungiyar tana da mai tallafa mata, a rubuta haɗuwar cikin takardar neman tallafi tun farko a kare ta da hujja. In kamfani ne mai cin riba, wannan nauyinsa ne, kada a ɗora wa ma'aikaci.

Ƙorafi na biyu: mun gaji da atelye. Wallahi da gaskiyarku. Kowa ya san taron da ake zuwa don perdiyam, a sa hannu a takardar halarta, a kalli majigi ana karanta abin da ke rubuce a bango, rabin ɗaki na danna waya, a ɗauki hoton iyali a watse. Irin wannan ko an yi shi sau goma a shekara ba ya ƙara sanin juna. Duk abin da za a iya turawa a karanta, a tura shi kafin a zo. Ranakun haɗuwa a bar su ga abin da waya ta kasa: saɓanin da aka daɗe ana kewayewa, lissafin kuɗi a fili, shawarar inda za a dosa baɗi, da zama kawai ana hira. Mu da muka taso da fada ba mu buƙatar wani ya koya mana wannan. Shayi na farko, na biyu, na uku, ba don ƙishirwa ake jiransu ba, lokacin da ke tsakaninsu shi ne abin. A tsarin haɗuwarku ku bar wa irin wannan lokaci wuri da gangan, kada ku cike kowace awa da jawabi.

Ƙorafi na uku: hanya. Wasu hanyoyinmu ba lafiya, kuma ba taron da ya kai ran mutum. A zaɓi gari da hanyarsa ke da kwanciyar hankali, a yi tafiya da rana, a saurari ƴan yankin kafin a tsayar da wuri. Wanda ya ce hankalinsa bai kwanta da tafiyar ba, kada a matsa masa, kada kuma a riƙe shi da ita. In haɗa kowa bai yiwu ba bana, a yi ta shiyya: ƴan Maraɗi da Damagaram tazararsu ba ta kai kilomita 250 ba, ƴan Tawa da Dosso da Yamai suna iya haɗuwa a Ƙonni ko Dogon Dutsi, shugabanni su zagaya.

Ƙorafi na huɗu shi ne wanda aka fi mantawa da shi: mata. Aiki daga nesa ya buɗe wa mata da yawa ƙofar da a da take rufe, matar aure mai goyo, budurwar da iyayenta ba za su bar ta ta koma wani gari ba. In aka shirya haɗuwa ba a yi tunaninsu ba, maza za su je su ƙara sanin juna, mata su ƙara zama baya, an gyara ɓaraka ɗaya an buɗe wata. Saboda haka a sanar da rana tun wata biyu kafin lokaci. A rubuta takardar gayyata ta ƙungiya mai hatimi wadda mace za ta nuna a gida. In da buƙata, babba cikin ƙungiya ya kira mahaifi ko maigida ya gaishe shi ya yi masa bayani. A tanadi masauki na mata daban a gidan mutunci, mai goyo a biya wa ƴar rakiyarta kuɗin mota, kuma kada a ajiye muhimmiyar shawara sai hirar tsakar dare da maza kaɗai ke zama. Wani lokaci ma mafi sauƙi shi ne a kai taron garin da matan suka fi yawa.

Sauran ƴan dabaru ne. Wurin haɗuwa ya riƙa zagayawa, bana Maraɗi, baɗi Tawa, baɗin waccan Damagaram, don ɗan Yamai shi ma ya ɗanɗani zaman kar na awa goma, ya ga da idonsa irin rezon da abokin aikinsa ke fama da shi. Gani ya kori ji: wanda ya ga yadda ake hawa tudu neman sandar rezo ɗaya ba zai sake rubuta “me ya sa ba ka amsa ba tun ɗazu?” ba. A zaɓi lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan an gama girbi kafin zafin Afrilu, a kauce wa damina da azumi. Kwana biyu ko uku sun isa, amma a kwana, don hirar dare da karin kumallo tare suna cikin aikin. A raba mutane yadda waɗanda ba su san juna ba za su zauna wuri ɗaya, a bar kowa ya yi magana da harshen da ya fi sakewa, Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, wani ya fassara. Rabin yini a fita tare a ga aikin da ƴan garin ke yi a fili. Sabon ma'aikaci kuwa kada ya jira taron shekara, cikin watanninsa uku na farko a san yadda za a yi ya je ya yi ƴan kwanaki kusa da wani tsohon hannu. Kafin a watse a rubuta abin da aka amince a kai, wa zai yi me zuwa yaushe, a kuma tsayar da rana da garin haɗuwa ta gaba.

Ku da ke cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, ku buɗe gurup ɗin aikinku yau ku ƙirga mutum nawa ne ba ku taɓa gani ba. In sun kai rabi, kada ku jira shugaba ya kawo maganar. Ku kawo ta a taro na gaba tare da sunan gari, da wata, da lissafin kuɗin mota, da sunan wanda zai sauki baƙi. Shawarar da ta zo da lissafinta tana da wuyar turewa.

Allah ya bar zumunci, ya kai kowa gida lafiya.